Turai Mai Tafireta da Kundin Ta Kiru

Duk wanda ya taɓa kai takarda sakatariyar ƙaramar hukuma a Tudun Wada a shekarun da ake buga wasiƙa da tafireta ya san Turai, ko da bai san sunanta ba. Ita ce matar da ke zama a ɗaki na biyu ta hannun dama, bayanta a miƙe, idonta a kan rubutun hannun da aka ba ta, yatsunta suna ta aiki ba ta ko kallonsu. Haifaffiyar Kiru ce, 'yar manomin dawa da albasa. Da ta gama sakandare ta tafi Kano ta yi wata tara tana koyon bugu, ta dawo da takardar shaidar cewa tana buga kalma hamsin da biyar a minti ɗaya. Aure ne ya kawo ta Tudun Wada, gidan Malam Adamu, malamin firamare. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aiki, uku daga ciki a Doguwa.

Ƙa'idojinta biyu ne, kuma duk ofis an san su. Ba ta canza abin da aka ba ta. In ta ga kuskure a rubutun wani babba, sai ta sa ɗigon fensir a gefen layin ta mayar masa, shi ya gyara da hannunsa. Sannan ba ta fitar da takarda guda ɗaya tak. Kullum biyu ne, asali da kwafi, ko da takardar neman izinin kwana ɗaya ce.

A shekararta ta goma sha biyu aka kawo ofis wata tafireta mai lantarki, wadda haruffanta duka suke jikin wata 'yar ƙwallo kamar ƙwan zabo. In ana son wani salon rubutu sai a cire wannan ƙwallon a sa wata. Wata rana ƙwallon ta ɓata. Injin ya yi wata huɗu a kan kabad ana cewa ya mutu, har mai kula da sito ya sa shi cikin kayan da za a zubar. Turai ce ta tsinci ƙwallon a bayan durowa, ta maƙala ta, injin ya ci gaba da aiki kamar jiya aka ajiye shi. Daga baya kwamfuta ta zo, ta koya, ta iya daidai gwargwado. Amma da ofis ya yar da tsofaffin tafiretocin hannu, sai ta roƙi tata ta tafi da ita gida. Bayan ta yi ritaya, a kan tafiretar take buga wa maƙwabta takardun neman aiki.

'Ya'yanta huɗu. Ta farko mace ce, Muhsina, kuma Turai ta riƙe kunyar 'yar fari kamar yadda ta ga uwarta ta riƙe. Ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba. Da aka yaye ta aka kai ta Kiru wajen kakarta, ta zauna har ta shekara bakwai, saboda haka Turai take ce mata Ta Kiru. Ko takardun makarantarta Malam Adamu ne yake cikewa. Matar da ta buga sunayen rabin mutanen ƙaramar hukumar ba ta taɓa buga wannan ɗin ba. Yarinyar ba ta ɗauki abin da zafi ba. In an yi hutu takan bi uwar ofis ta shige ƙarƙashin tebur ta zauna, tana sauraron ƙarar tafireta a samanta har barci ya ɗauke ta.

Muhsina ta yi karatu har digiri na biyu a wata jami'a a Kano. Aikinta a kan rijiyoyi ne. Shekara biyu ta yi tana hawa acaɓa zuwa Burumburum da ƙauyukan Doguwa da igiyar awo a jaka, tana auna zurfin ruwa a rijiya arba'in da ɗaya, rani da damina. Tana kuma zama da tsofaffin manoma da dattawan rugage, suna gaya mata wace rijiya ce ta ƙafe a wace shekara, wace ce ba ta taɓa ƙafewa ba. A watan Agusta ta zo gida da ciwon kai. Kwana tara ta yi. An yi mata sutura ranar Laraba bayan azahar. Matan da suka zo gaisuwa sun yi ta yaba haƙurin Turai, don ba wanda ya ga hawayenta.

Bayan wata biyu, ranar wata Alhamis, malamin da ke duba aikin, Dakta Faruk, ya kira Malam Adamu. Ya ce sashensu ya amince a karɓi kundin a ajiye shi a ɗakin karatu da sunanta, amma sai an kai shi a buge kafin zaman da za a yi Alhamis mai zuwa. Abin da ke hannunsa tsohon babi biyu ne kawai. Cikakken yana cikin kwamfutarta. Shi kuma zai yi tafiya, ba zai dawo ba sai Laraba. Ya ba su lambar Hasana, ƙawar Muhsina da suka zauna ɗaki ɗaya, wadda a lokacin take jego a Gombe.

Ranar Juma'a da hantsi Turai ta sauko da jakar daga kan akwati. Igiyar awon tana ciki, da busasshiyar laka a jikinta. Ta fitar da kwamfutar, 'yar siririya ce ruwan toka, ta kunna. Abin da ya fito bai yi kama da na kwamfutocin ofis ba ko kaɗan. Hasana ta yi mata jagora ta waya, ta buɗe folda, ta buɗe fayil. Rubutun yana nan, amma cike da sanduna da baka-baka da alamomin da Turai ba ta taɓa gani a tsakiyar magana ba. Hasana ta ce kada ta damu, haka abin yake. Masu yawan lissafi a aikinsu ba sa tsara shafi da hannu. Suna rubuta magana tare da umarni, sai manhajar ta karanta ta gina shafukan da kanta. Akwai wani koren maɓalli a sama, shi za ta taɓa.

Ta taɓa. Maimakon shafuka sai jajayen layuka suka fito a ƙasa. Turai ta ɗauke hannunta daga kan kwamfutar ta ɗora a cinya, ta karanto wa Hasana layukan harafi bayan harafi.

Hasana ta ce ba abin da ya lalace. Muhsina ta zaɓi wani salon haruffa na musamman, kuma a kwamfutar sashe take gina shafukanta, inda haruffan suke. Wannan sabuwa ce, ba ta kai ga sa mata su ba. Hanya biyu ce. Mai sauƙi ita ce a goge layi ɗaya, wanda ke neman waɗancan haruffa, sai manhajar ta yi amfani da na kowa da kowa, kundin ya fito nan take. Ɗayar ita ce a sauko da ƙunshin haruffan daga intanet. Yana da girma ƙwarai, kuma sai an buɗe wata baƙar taga an rubuta umarni da hannu.

"Layin nan da za a goge, ita ta rubuta shi?"

"Ita ce, Mama."

"To ba za a goge ba."

Wannan ta faɗe shi ba tare da tunani ba. Baƙar tagar ce ta kasa tunkara. Ta taɓa ganin rahoto mai shafi goma sha biyu ya ɓace a ofis saboda maɓalli ɗaya da wani akawu ya danna, aka yi ta nema ba a same shi ba. Wancan an sake rubuta shi, domin mai shi yana raye. Ta ce wa Hasana za ta kira ta. Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce. Takan sauko da jakar, ta zuge zif ɗin, ta tsaya, ta mayar. In an kawo tuwo sai ta gutsuri loma biyu ta rufe. Malam Adamu yana gani. Da ya tambaya sai ta ce masa kwamfutar ce ta ƙi fitar da takarda, ba ta ƙara komai ba.

Ranar Litinin da safe ta shiga maƙwabta duba wata tsohuwa da ba ta da lafiya. Da ta dawo, idonta ya fara sauka a kan akwati, kamar kullum. Jakar ba ta nan.

Malam Adamu yana tsakar gida yana baza masara a kan tabarma. Ya ɗago da fuskar wanda ya yi abin kirki yana jiran a gani. Ya ce ya gaji da ganinta tana ramewa a kan na'ura, ya kai ta shagon Hafizu a bakin kasuwa. Hafizu tsohon ɗalibinsa ne, duk garin shi ke gyara wayoyi da kwamfutoci.

"Ya ce kafin azahar zai wanke ta tas, ya sa mata irin wanda kowa ya sani. Sai ki yi aikinki hankali kwance."

A wurin Malam Adamu, wanki tsabta ce. Turai kuwa ta yi shekaru a ofis, ta san abin da masu gyara ke nufi in sun ce za su wanke na'ura. Waya ta yi nauyi, a wanke ta. Kwamfuta ta yi gardama, a wanke ta. Ana share duk abin da ke ciki ne a fara daga farko, kuma yawancin mutane ba sa damuwa, tunda abin da ke ciki waƙoƙi ne da hotunan biki. Ta tambaye shi ƙarfe nawa ya kai. Ya ce wajen tara. Ta dubi inuwar katanga, goma ta wuce. Ta gaya masa abin da wankin yake nufi, cikin jimla biyu. Masarar da ke hannunsa ta zube. Ya ciro waya ya kira Hafizu, aka ce layin ba ya shiga. Kafin ya sake kira ta ja mayafi ta fita.

Daga gidansu zuwa kasuwa bai fi minti bakwai a acaɓa ba. Ranar, motar shinkafa ta gitta a hanya tana sauke buhuna, sai da ɗan acaɓan ya zaga ta lungu. Turai tana riƙe da ƙarfen baya, tana lissafa matakan da ta sani. A sa filash. A sake kunnawa. Na'urar ta yi tambaya ɗaya, ko an tabbata. Ta taɓa ganin yadda masu gyara ke amsa wannan tambayar, da yatsa ɗaya, suna hira da wani. Tana so ta yi addu'a, amma abin da ke zuwa bakinta shi ne rijiya arba'in da ɗaya, rijiya arba'in da ɗaya.

Shagon Hafizu ɗaki ne ɗaya mai rufin kwano, da farantin sola biyu a sama da jerin wayoyi suna caji a jikin bango. Shi mutum ne mai shekara kamar talatin, mai ƙiba da yawan raha. Kwamfutar tana buɗe a gabansa, filash a maƙale a gefenta, yatsansa a kan madannai.

"Hafizu, ɗauke hannunka."

Ya ɗaga hannu biyu sama kamar wanda 'yan sanda suka tare, yana dariya. "Hajiya, ban saci komai ba, Malam ne ya kawo da kansa." Sai ya ga fuskarta, ya sauke hannayen a hankali. Ta tambaye shi ko ya fara. Ya ce ai wannan na'ura taurin kai gare ta, fiye da awa ɗaya yana neman maɓallin da zai sa ta karɓi filash ɗinsa, yanzun nan ya gano shi, yana shirin sake kunnawa ta shigo. Turai ta nemi benci ta zauna.

Ya yi ƙoƙarin kare kansa. Ya ce abin da ke kan kwamfutar ba wanda ke amfani da shi a garin nan, shi ya sa take ba ta wahala, kuma Malam cewa kawai ya yi ta ƙi buga takarda. Ta gaya masa ta wace ce, da abin da ke ciki. Hafizu ya yi salati a ƙasan numfashi. Ya zare filash ɗin ya jefa a durowa ya rufe, kamar zai iya fitowa da kansa.

Da numfashinta ya daidaita sai ta ba shi labarin tafireta mai ƙwallo, ko da yake ya fi kama da kanta take ba wa. Injin lafiyarsa ƙalau, rubutun yana nan, ƙwallon ce babu. Ba a zubar da inji don ƙwallo ta ɓata, nemo ta ake yi a maƙala. Ta kuma gane cewa kwana ukun da ta yi tana jin tsoro su ne suka kusa cinye aikin. Ta ce ya kawo sabbin filash biyu ya kwafe foldar duka a kan kowanne, tana kallo. Ya kwafe. Hakan bai kwantar mata da hankali sosai ba, domin kwafin da ba za ta iya ɗorawa a gefen asali ta bi layi-layi ba, ba ta yarda da shi ba. Amma ƙa'ida ce, ta cika ta. Sannan ta kira Hasana. A lokacin Malam Adamu ya iso, ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba. Ya zauna a kan bencin waje.

Hafizu yana da 'yar na'urar intanet kamar sabulun wanka. Ya ɗaure ta a kan gora a wajen taga, inda sabis ya fi ƙarfi. Ya ce ko ta bari shi ya buga umarnin. Ta ce ita ta buga takardar shaidar haihuwarsa lokacin yana yawo ba wando, ya matsa. Ya matsa.

Baƙar tagar ta buɗe. Ba komai a cikinta sai ɗan rubutu kaɗan da wani farin ɗigo yana ƙifta ido. Hasana ta riƙa karanto umarnin harafi-harafi, jaririnta yana kuka a bayanta, Turai tana bugawa tana maimaita mata. Sau biyu suka bi layin kafin ta yarda ta danna babban maɓallin. Na'urar ta mayar da layi ɗaya, tana neman kalmar sirri.

"Na san ta, Mama," in ji Hasana. "Sunanta ne, duk da ƙananan haruffa, sai shekarar haihuwarta."

Turai ta janye yatsunta daga madannai. Hafizu ɗan garin ne, ya san abin da hakan yake nufi, ya kau da kai ya shiga gyara wayoyin da ke caji. Hasana ta ce ko a ba wani ya buga. Turai ta dubi ƙofa, inda ake ganin gefen rigar Malam Adamu, wanda ya yi shekara ashirin da wani abu yana rubuta mata wannan sunan. Ta ce a'a.

Ta fara bugawa. Ba abin da ya fito a allon, ko ɗigo. Ta tsaya a tsakiya, ta ce na'urar ta daina karɓa. Hasana ta ce haka take yi, tana ɓoyewa ne, ta ci gaba. Ta ci gaba, amma ta manta inda ta tsaya. Na'urar ta ce ba daidai ba ne. Hasana ta ce sau uku take bari, ta ƙara da cewa ko an kuskure duka ba abin da zai lalace, sai dai a sake daga farko. Rabin farko kawai Turai ta ji.

Ta goge tafin hannunta a zane. Ta ɗora yatsu takwas a layin tsakiya, yadda aka koya mata a Kano tana da shekara goma sha tara, ta ɗauke ido daga allon ta kalli bango. Haruffa bakwai, lambobi huɗu. Ta danna.

Rubutu ya fara gudu a baƙar tagar, sannan ya tsaya da tambaya, a ci gaba ko kada a ci gaba. Hasana ta ce ta amsa da e. Turai ta ce sai an karanta mata abin da ake tambaya tukuna. Ita da Hafizu suka bi layukan da yatsa. Na'urar ta lissafa abin da za ta ƙara, ta kuma lissafa abin da za ta cire, a gabansa sifili ne. Turai ta karanta sifilin sau biyu, ta sa Hafizu ya karanta shi da bakinsa, sannan ta amsa.

Daga nan sai jira. A ƙasan tagar akwai lamba tana hawa daga ɗaya zuwa ɗari, a hankali kamar ana jan guga daga rijiya mai zurfi. Hasana ta ce kada a rufe, kada a kashe, ta kira in an gama. Aka kira azahar tana kan talatin da huɗu. Turai ta yi salla a kusurwar shagon a kan dardumar Hafizu, ta sallame ba ta tabbatar raka'a nawa ta yi ba, ta sake.

Wajen ƙarfe biyu da rabi hadari ya taso daga wajen duwatsun Doguwa, irin na ƙarshen damina mai iska. 'Yan kasuwa suka fara rufe kaya da leda. Gorar ta riƙa rangaji. Lambar ta kai sittin da takwas ta tsaya. Turai ta ƙura mata ido. Minti biyar, tana nan. Ta kira Hasana, layin ba ya shiga. Ba ta san abin da ke faruwa da na'urar da aka katse mata aiki a tsakiya ba. Ta san dai takardar da aka zare daga tafireta a tsakiyar layi ba ta komawa daidai inda take. Ruwa ya fara sauka a kan kwano. Hafizu ya ce zai shigo da na'urar intanet ɗin kada ta jiƙe, amma a cikin shago ba ta kamawa. Yana cikin wannan shawara Malam Adamu ya miƙe daga benci, ya karɓi lemar mai sayar da goro, ya je ya tsaya a gindin gorar. Hannu ɗaya ya riƙe gorar kada ta motsa, ɗaya ya ɗaga lemar a kan na'urar. Shi kansa lemar ba ta rufe shi ba.

Minti arba'in ya yi a haka. Turai tana ganin sa ta taga, ruwa yana bin gemunsa, ba ta ce ya shigo ba, shi ma bai dubi taga ba. Hannayenta suna cinya, ba ta yarda su kusanci madannai ba. Hafizu ya yi yunƙurin ba da wani labarin dariya, ya bari a tsakiya. Sai iskar ta lafa. Hafizu ne ya fara gani, ya nuna da haɓa. Sittin da tara.

An yi la'asar kafin ta kai ɗari. Rubutu ya sake gudu na ɗan lokaci, ya tsaya, farin ɗigon ya dawo yana ƙiftawa. Layin Hasana ya shiga. Ta sa aka karanto mata layukan ƙarshe, ta ce shi ke nan, a koma a taɓa koren maɓallin. Turai ta taɓa. Na'urar ta yi aiki kamar rabin minti, wanda a cikinsa ba wanda ya yi motsi a shagon. Sai farin shafi ya buɗe a gefen dama. A ƙasa an rubuta ɗaya cikin ɗari da arba'in da uku.

Ta riƙa saukowa a hankali. Taswira, jadawali, lissafi. A babi na huɗu ta kai inda maganganun dattawa suke, kowanne da sunansa da ƙauyensa. Nan haruffan suka canza. Masu faɗi ɗaya ne duka, da 'yan ƙafafu, baƙinsu bai daidaita ba, kamar ribbon ɗin tawada ya fara bushewa.

"Kamar na tsohuwar tafireta," in ji Hafizu.

Turai ta tambayi Hasana ko layin da aka ce a goge na waɗannan ne. Hasana ta ce nasu ne. Ta ce ta taɓa yi wa Muhsina tsiya a kan haruffan, cewa sun yi kama da takardar haraji ta zamanin da, ita kuma ta ce su ta saba gani tun tana ƙarama. Turai ta ce to. Ta yi wa Hasana godiya, ta tambayi lafiyar jariri, ta kashe wayar. Ta zauna tana kallon shafin har sai da Malam Adamu ya shigo yana ɗigar ruwa ya tsaya a bayanta.

Ranar Talata aka buga kundin a firintar Hafizu, guda biyu. Turai ta kai su gida ta shimfiɗa a tebur, ta buɗe kwamfutar a gefe, ta ɗauki rula ta bi shafi ɗari da arba'in da uku layi-layi. Ta ga kurakuran bugu guda shida. Ta sa ɗigon fensir a gefen kowanne a kwafin gida, ba ta gyara ko ɗaya ba.

Da yamma ta sa ɗaya a babbar ambulan, wanda Malam Adamu zai kai Kano da safe. Ya ciro biro daga aljihu ya jawo ambulan ɗin don ya rubuta sunan mai aikin a bayanta, kamar yadda ya saba.

"Bari, Malam."

Ta yaye zanen da ke rufe da tsohuwar tafiretar, ta yanko farar takarda daidai faɗin hannu, ta murɗa ta a ciki, ta daidaita gefe. Ta buga Muhsina Adamu, ta zare, ta duba shi a haske, ta manna. Sannan ta yanko wata takardar ta sake bugawa, don kwafin da zai zauna a gida.